Ambulan Kirsimeti Ya Zo Wayam

Polonia, Wisconsin
14 ga Oktoba, 2012

Ƙanwata Tekla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyarki da karnukan maƙwabta masu hana ki barci. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Gwiwata ta hagu ta fara ba ni labarin sanyi tun masu hasashen yanayi ba su buɗe baki ba. Kunnen kuwa yana nan yadda kika bar shi, saboda haka ki daina wahalar da kanki da waya, ji nake kamar daga cikin tulu kike magana. Takarda dai ita ce tamu ni da ke, shekara talatin da ɗaya ke nan tun da kika tafi Alaska.

Itatuwan bakin hanya sun yi ja, sun yi rawaya, suna ta zubar da ganye a kan rufin masana'anta. Wata shida ke nan da rasuwar Stefa, amma har yau in na shiga ɗakin narka kaki da safe, ƙamshin zumar nan ya bugi hancina, sai in juya in ce wa matata ta rufe ƙofa. Shekaranjiya na yi mafarkinta. Tana tsaye a bakin tukunyar kaki da jan ɗankwalinta, tana tsoma lagwani tana ɗagawa, kyandirorin kuwa a kunne suke fitowa daga cikin tukunyar, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Stefa, za ki ƙona mana wuri." Ta yi dariya ta ce, "Kai dai duba abin da ke gabanka, Ludwik." Na farka ina ta tunanin abin da take nufi.

Abin da ke gabana dai ga shi. Kin ji labarin sabuwar dokar nan, ko da a ƙarshen duniyar da kike zaune. Duk mai ma'aikata da ke biya musu inshorar lafiya, dole inshorar ta haɗa da magungunan hana ɗaukar ciki. Coci kanta an ɗaga mata ƙafa, amma mu da muke yi wa coci kyandir ba a san da zamanmu ba. Tamu inshorar za ta ƙare ran talatin da ɗaya ga Disamba. Wadda za ta maye gurbinta da abin a ciki za ta zo, kuma sa hannuna ake jira a ƙasan takardar.

Tekla, hannun nan shi ya zuba babban kyandir na Ista na cocinmu shekara arba'in da biyu. Ba zan iya ba. Ban taɓa leƙa jakar wata mace da ke aiki a nan ba, abin da ke ciki tsakaninta da mijinta ne da Allahnta. Amma a ce ni zan saya in miƙa, lamirina ya ƙi. Lauya ya ce in kai ƙara, sai dai kotu ba ta san ana sauri ba. Don haka na yanke shawara zan soke inshorar gaba ɗaya, in ɗan ƙara wa kowa a albashi ya je ya nemi tasa. Mutum sittin da uku ne, na kuma san akwai waɗanda za su zage ni a gidajensu.

Da na sanar a taron ma'aikata, surutu ya kaure. Renata ce kaɗai ta miƙe ta koma wajen tsoma kyandir. 'Yar nan tawa ta rame, ina ga kewar uwarta ce. Shekara shida da aurenta, mijinta Florian yana can yana hira da ƙudan zumarsa, ni kuma ina nan ina jiran jika. Na daina tambaya, sai dai in ɗan yi gyaran murya duk ran da aka yi baftisma a coci.

Ki sa ni a addu'a. Ki kuma riƙa sa hula, kanki ba na ƙarfe ba ne.

Yayanki,
Ludwik

*

Polonia
2 ga Nuwamba, 2012

Gwaggo Tekla,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya sanyi, yaya aikin asibiti? Florian yana gaisuwa, ya ce zumar da ya aiko miki ta ci ce, ba ta rabawa ba, ya san halinki.

Yau Ranar Matattu, mun je maƙabarta da yamma. Duk kaburbura kyandir ke ci a kansu, rabinsu ni na tsoma su da hannuna. Dusar ƙanƙara ta farko ta fara sauka a hankali, tana narkewa tun ba ta kai ga wutar ba. Na daɗe a tsaye wajen Mama har na manta inda nake, sai na ga kamar garin ne gaba ɗaya ya kife, taurari suka dawo ƙasa. Baba yana gefena yana jan carbi, ni kuma ina riƙe da cikina don ciwon ya motsa.

Gwaggo, akwai maganar da Mama kaɗai ta sani, ta kuma tafi da ita. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Ina da ciwon mahaifa, irin wanda tsoka ke tsirowa inda bai kamata ba. Shi ya hana ni haihuwa duk shekarun nan. Likita ta ɗora ni a kan ƙwayoyin nan na hana ɗaukar ciki don su danne ciwon kafin a yi mini tiyata. An sa rana, sha biyu ga Fabrairu. Ta ce in an yi aikin akwai sa rai, in kuwa aka ƙara jinkiri mahaifar ce za a cire dungurungum.

Kin ga inda maganar ta dosa. In Baba ya soke inshora ran ƙarshen shekara, babu tiyata. Florian ba shi da tasa, tawa muke ci mu biyu. Na buga waya kamfanin inshora uku, da sun ji ciwon da nake da shi sai muryarsu ta canza, su ce za su neme ni.

Za ki ce in faɗa masa. Na gwada, Allah ya sani. Ran Lahadi na same shi a kicin yana soya ƙwai, na ce, "Baba, ina da magana." Ya juyo da murmushi har kunne, idonsa a kan cikina, ya ce, "To, to, to! Zauna, kada ki tsaya!" Sai na ce masa lagwanin da aka kawo ne bai da kyau. Ta yaya zan kalli mutumin nan in ce abin da yake shirin rasa komai dominsa yana cikin jakata? Zai ɗauka da gangan na hana shi jika shekara shida. Ko ya yarda da bayanina, ba zai sake kallona yadda yake kallona ba.

Ki yi masa magana, yana jin taki ko da yana musu. Amma na roƙe ki don darajar Mama, kada ki ambaci sunana.

'Yarki,
Renata

*

Bakin Kogin Yukon, Alaska
17 ga Nuwamba, 2012

Yaya Ludwik,

Takardarka ta iso bayan ta yi sati biyu tana hutawa a buhun jirgi, hazo ya hana shi sauka. Na ji daɗin lafiyarka. Gwiwar kuwa ka gaishe ta, ka ce mata mai ita ya kai shekara sittin da takwas, ta yi haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, hula kuma ina sawa, Baba ƙarami.

Kogi ya daskare. Rana tana leƙowa da hantsi kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida, ta ɗan zauna a kan bishiyoyi, ta koma. Sauran lokacin duk shuɗi ne, ƙanƙara shuɗiya, hayaƙin gidaje shuɗi. Jiya da na fito daga asibiti koren hasken nan da ke fitowa da dare a ƙasashen arewa ya cika sama yana kaɗawa, na tsaya ina kallo har na ji ƙamshin kaki, alhali babu kyandir ko ɗaya kusa da ni. Sai ga ni ina 'yar shekara bakwai, ina zaune a kan buhun lagwani, kai kana koya mini tsomawa kana cewa hannuna na rawa kamar na mashayi.

To Yaya, bari in shiga maganar da ta sa na ɗauki biro. Kada ka soke inshorar nan. Ban ce lamirinka ƙarya yake faɗa maka ba, na san ka, ko kwandalar wani ba ta taɓa kwana a aljihunka ba. Amma mutum sittin da uku ba lissafi ba ne, jikuna ne, kuma kowane jiki da sirrinsa. Shekara talatin ina ganin abin da mutane ke ɓoyewa a ƙarƙashin riga. Cikin waɗanda suka zauna a taron nan akwai mai ciwon da babu kamfanin da zai karɓe shi in ka sake shi. Kana can kana duban hannunka kada ya ɓaci, ba ka duba abin da ƙafarka za ta taka ba. Ƙwayar nan ma da kake gudu, ba kowace mace ke shanta don gudun haihuwa ba. Ni kaina na sha miƙa ta ga mata a asibitin nan, kuma ban ji Allah ya juya mini baya ba.

Stefa ta ce maka ka duba abin da ke gabanka. Ni dai ban iya fassarar mafarki ba, amma da ni ce da na duba kusa, kusa ƙwarai.

Ina nan ina jiran oplatek ɗina. Fada, limamin cocinmu, sai bayan wata biyu yake zuwa mana, saboda haka ɗan farin burodin nan siriri da kuke sako mini a takardar Kirsimeti shi ne bikina gaba ɗaya. In karya gefensa, in ci, in san kuna can kuna karya naku kuna yafe wa juna. Ka tuna shekarar da Baba ya daina aika wa Baffa Ignacy nasa saboda rigimar gona? Har suka mutu ba su sake magana ba. Tun daga ranar nake buɗe ambulan Disamba da addu'a a bakina.

Ƙanwarka mai tsiwa,
Tekla

*

Polonia
5 ga Disamba, 2012

Tekla,

Na sami takardarki. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Na karanta ta sau uku, ina neman ƙanwata a ciki. Na zaci ko duk duniya za ta kira ni mai taurin kai, ke za ki gane. Ashe har kin daɗe kina raba abin da hannunki, ban sani ba. Ba zan yi miki wa'azi ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki ce wai hannuna nake lallaɓawa ina taka mutane, wannan ta yi mini ciwo. Wa ya riƙe mutanen nan shekarar da coci-coci suka koma kyandir na lantarki? Wa ya sayar da gonar Baba don kada a sallami ko mutum ɗaya? Kin ce in duba kusa. Na duba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tambaya ko akwai mai matsala, kowa ya ce babu. Renata da kanta ta ce, "Babu komai, Baba."

Wataƙila zama nesa da coci ne, mutum yakan saba da duhu har ya daina neman ashana. Allah ya kyauta.

Takardar sokewar tana kan teburina, zan aika da ita bayan Kirsimeti, ba na son ɓata wa mutane biki. Ƙanƙara ta rufe ko'ina. Aiki ya yi yawa, odar Kirsimeti ta haɗu da ta Ranar Kyandir, bikin coci na farkon Fabrairu. Stefa ba ta sake zuwa mini a mafarki ba tun da na karanta takardarki, ban san ko da wa take fushi ba a cikinmu.

Barka da Kirsimeti.

Ludwik

*

Bakin Kogin Yukon
14 ga Disamba, 2012

Renata 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Florian. Yaya jikin? Ki riƙa ɗora ruwan ɗumi a marar, kada kuma ki ɗaga tukunyar kaki ke kaɗai, na san halin gidanmu.

Na yi abin da kika ce, na kuma ɓata. Kin san bakina, in na tashi gyara sai in fasa. Amsar babanki ta zo yau. Zafin maganarsa bai dame ni ba, tun muna yara muke yi, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ambulan. Na buɗe, na zazzage, na leƙa ciki, na ɗaga shi a hasken fitila kamar wata sakarai. Wayam. Babu oplatek.

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashi ba, har shekarar da na ƙi zuwa jana'izar Babanmu saboda ƙanƙara. Ke ma kin san abin da wannan ke nufi a gidanmu. Ya cire ni, kamar yadda aka cire Baffa Ignacy. Na zauna a bakin gado da rigar aiki a jikina, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mamanki. Ba zan sake rubuta masa ba, ba don fushi ba, sai don ban san da wane suna zan kira shi ba yanzu.

Amma ke ba ni ba ce. Ni ya iya rayuwa ba tare da ni ba, ke kuwa ba zai iya ba, hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Ki faɗa masa da bakinki kafin takardar nan ta bar teburinsa. Kin ji tsoron yadda zai kalle ki. To ki yi tunanin yadda zai kalli kansa in ya ji bayan an cire miki mahaifa. Wannan kallon ba zai warke daga gare shi ba, kuma ke ce za ki ja masa.

Ran jajiberin Kirsimeti in tauraron farko ya fito, ki karya ɗan gefe a madadina ba tare da kin faɗa wa kowa ba.

Gwaggonki,
Tekla

*

Polonia
6 ga Janairu, 2013

Tekla ƙanwata, 'yar uwata ta ciki ɗaya,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Lafiyata ƙalau, in ban da kunya da ta hana ni kallon madubi. Ki karanta har ƙarshe kafin ki jefa a murhu.

Ran jajiberi mun shirya tebur yadda aka saba. Ciyawa a ƙarƙashin farin mayafi, jar miya, kifi, pierogi, ƙunshin nan na fulawa da kabeji a ciki, da Renata ta yi da girkin uwarta. Kujerar baƙo da ake bari babu kowa, bana biyu muka bari, ta biyun ta Stefa. Florian ya tsaya a taga har ya hango tauraron farko a saman rumbun zumarsa, muka yi addu'a, na ɗauki oplatek na miƙa wa Renata don ta karya. Sai ta mai da hannuwanta baya.

Ta ce, "Baba, ba zan karya da kai ba sai na faɗa maka abu biyu."

Na ce, "Miya za ta huce."

Ta ce, "Ta huce. Me ya sa ba ka aika wa Gwaggo nata ba?"

Na ce, "Wane irin ban aika ba? Kullum yana ciki."

Ta ce, "Wa yake sawa a ciki?"

Tekla, sai a lokacin na gane. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta miki takardar Kirsimeti in ajiye a kan teburin kicin in tafi aiki. Stefa ce ke zuwa coci ta karɓo, ta naɗe a takarda, ta sa a ciki, ta liƙe, ta kai gidan waya. Ni sai in zauna ina jin kaina babban yaya mai riƙe zumunci. Bana na liƙe ambulan da kaina, da fushi a cikina, ko tunanin abin bai zo mini ba. Ina fushi da ke, gaskiya ne, amma ko za ki ƙona masana'antar da ni a ciki ba zan yi miki abin da Baba ya yi wa Baffa ba.

Ina cikin wannan sai Renata ta buɗe jakarta, ta ciro ƙwayoyin nan ta ajiye a kan farin mayafin, tsakanin kifi da kyandir. Ta faɗa mini komai, ciwon, tiyatar, kamfanonin da suka ce za su neme ta. Ba ta yi kuka ba. Na tuna duk gyaran muryar da na yi a wajen baftisma, tana zaune kusa da ni da ciwo a cikinta. Na tashi na fita baranda babu ko riga mai nauyi. Can sai ga Florian, mutumin da ba ya haɗa kalma biyar a yini, ya tsaya a gefena yana kallon ƙanƙara. Ya ce, "Baba, mun daɗe da zaɓen suna. In mace ce, Stefa." Ya ƙara da cewa, "Miyar kuma ta huce da gaske."

Na koma ciki. Na miƙa mata oplatek, ta karya, na karya nata. Na ce, "Ki yafe."

Bayan biki na je wajen Fada Benedikt. Ya ce shan magani don ciwo ba zunubi ba ne, ko ɗan ajin koyon addini ya san wannan, da Renata ta zo wajensa tun farko da ya gaya mata. Na ce to takardar inshorar fa, wadda za ta biya wa kowa, mai ciwo da marar ciwo? Ya ce wannan ba zai ce mini in sa hannu ba. Na fito gaba kura baya sayaki. In na soke, na kashe jikata tun ba a yi cikinta ba. In na sa hannu, na yi abin da har gobe nake ganin ba daidai ba ne, don ban canza ra'ayina a kan dokar nan ba, Tekla, kada ki yi murna da wuri.

Kwana uku ina yawo a masana'anta bayan an tashi, ina shafa tukwane. Ran ashirin da takwas na kira lauya. Na sauka daga shugabanci. Masana'antar da Baba ya gina da hannunsa, wadda na ce sai dai a fitar da gawata daga ofishinta, yanzu ta Renata ce, har da maɓallin da ke maƙalewa. Ta zauna a kujerata ta karanta takardar sabuwar inshorar tun daga farko har ƙarshe, ta yi alamar gicciye, ta sa hannu. Ta ce nauyin nata ne, ita za ta kai shi gaban Allah. Ni kuma na koma bakin tukunya ina tsoma lagwani, ma'aikaci na sittin da huɗu. Ban sani ba ko lamirina na tsare, ko bayan 'yata na laɓe. Na tambayi Ubangiji, bai ba ni amsa ba tukuna.

Jiya ina neman allura na buɗe akwatin ɗinkin Stefa. A ƙasa na tarar da katunan ganin likita na Renata, duk na ranar Alhamis, ranar da Stefa ke cewa za ta je sayen zare. Ƙarƙashinsu kuma ga ambulan da oplatek ɗaya a ciki, ragowar na bara, ta rubuta sunanki a bayansa da fensir. Ashe ta ajiye miki na bana tun tana da rai. Shi ne wannan da na sako. Na karya gefena na ci. Ya ɗan daɗe, amma ba ya lalacewa.

Tiyata tana nan ran sha biyu ga Fabrairu.

Yayanki, in har yanzu kina so,
Ludwik

*

Bakin Kogin Yukon
3 ga Fabrairu, 2013

Yaya,

Lafiyata ƙalau. Guguwa ta hana jirgi sauka kusan sati huɗu, takardarka sai jiya ta iso, a ƙarƙashin buhunan abincin karnuka. Duk kwanakin nan ina zaune a matsayin wadda ba ta da ɗan uwa, ashe kana cikin buhu kana ba ni haƙuri.

Stefa takarda biyu take naɗawa da kwali a tsakiya, kai kuwa jefawa kawai ka yi. Ya iso ya zama gari, babu ko gutsuren da ya kai farce. Na zazzage shi a kan faranti, na lashi yatsa na bi shi tas, har wanda ya maƙale a kusurwar ambulan. Rana ta leƙo ta taga a daidai lokacin, ta daɗe fiye da jiya. Ambulan mai rubutun fensir yana cikin littafin addu'ata.

Tambayar da ka yi wa Ubangiji ni ma ba ni da amsarta. Abin da na sani shi ne ran sha biyu ga wata akwai wadda za a tura ɗakin tiyata, kuma tana buƙatar mai riƙe mata hannu ta dama da ta hagu. Zumunta a ƙafa take, na sayi tikiti.

Ka roƙi sabuwar shugabarka ta ba ka hutun yini ɗaya ran sha ɗaya, ka zo ka ɗauke ni a filin jirgi. In ta hana, ka ce mata Gwaggo ce ta aiko ka.

Ƙanwarka,
Tekla